Idan Jijiya Ta Ɓuya: Yadda Na'urar Sikanin Ta Zama Idon Likita

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san wannan magana: "Jijiyarsa ta ɓuya." Nas za ta ɗaure damtse, ta bubbuga bayan hannu, ta soka allura, jini ya ƙi fitowa. Ta koma ɗaya hannun. A kirawo wata da aka ce ta fi sa'ar hannu, ita ma ta gwada ƙafa. Kafin a ankara an huda mara lafiya wuri shida ko bakwai, ledar ƙarin ruwa tana rataye, maganin da ake gaggawar ba shi yana ajiye a kan tire. Masu jinya sukan ɗauka rashin iya aiki ne, wani lokaci har a kai ga cacar baki. Sau da yawa kuwa ba laifin kowa ba ne. Akwai jikin da jijiyoyin hannunsa suka ƙare da gaske.

Mai cutar sikila da ya yi shekaru ana yi masa ƙarin jini da ƙarin ruwa, jijiyoyinsa sun yi tabo sun ƙanƙance. Mai ciwon daji, magungunan da ake ɗura masa sun ƙone su daga ciki. Matar da ta zubar da jini bayan haihuwa, ko wanda amai da gudawa suka tsotse, jijiyoyinsu suna nan amma sun lafe saboda babu abin da zai cika su. Mai ƙiba da mai kumburin jiki, nasu sun nutse can ƙasa. Wanda ya ƙone kuwa, ba a ma samun lafiyayyar fatar da za a soka. A irin wannan hali ne likita kan ce za a sa roba a wuya, hankalin dangi ya tashi.

Robar da ake nufi siririn bututu ne mai laushi, tsawonsa ga babban mutum yakan kai santimita 15 zuwa 20. Ana shigar da shi ta ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Mashiga uku aka fi bi: jijiyar gefen wuya, jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin nan da ya miƙe daga gindin wuya zuwa kafaɗa, da jijiyar matsematsin cinya. Idan ta wuya ko ta ƙirji aka bi, bakin bututun yakan tsaya ne a babbar jijiyar da ke zuba jini cikin ɓangaren dama na zuciya. Ba rashin jijiyar hannu kaɗai ke sa a yi haka ba. Akwai magungunan da ƙaramar jijiya ba ta iya ɗaukarsu na tsawon lokaci: magungunan ɗaga hawan jini da ya faɗi warwas, sinadarin fotashiyam mai ƙarfi, wasu magungunan ciwon daji, da abincin ruwa da ake ba wanda hanjinsa ya daina aiki. A babbar jijiya jini yana gudu da yawa, nan take yake narkar da maganin kafin ya yi wa bangon jijiya illa. Na'urar wankin ƙoda ma, wadda ke jan jini kusan mililita 300 a minti ɗaya, sai da babbar hanya.

Hanyar ba tsohuwa ba ce can. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, a garin Eberswalde, ya zura bututun fitsari a jijiyar hannunsa da kansa har ya kai zuciya, sannan ya taka ya je ya ɗauki hoton ƙirjinsa don ya zama shaida. Manyansa sun ɗauke shi tamkar mai taɓin hankali, sai ga shi a 1956 an ba shi kyautar Nobel tare da wasu likitoci biyu. A 1952 likitan Faransa Robert Aubaniac ya bayyana yadda ake shiga jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya don ceto sojojin da suka ji rauni. Shekara ɗaya bayan haka, 1953, Sven-Ivar Seldinger na Suwidin ya fito da dabarar da har gobe da ita ake aiki, kuma sunansa take amsawa: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar a bar wayar, a zura bututu ya bi ta kan wayar, sannan a zare wayar. Wanda bai taɓa gani ba zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. To amma kafin nan sai an yi amfani da allura mai kaurin da bututu zai wuce ta cikinta, ko kuma a tsaga fata a tono jijiyar.

Seldinger ya warware matsalar yadda bututu zai shiga. Bai warware ta inda za a soka allurar farko ba. Shekaru da dama likitoci suna dogara ne da alamomin jiki. A wuya, alal misali, akwai wata tsoka mai reshe biyu da ke saukowa daga bayan kunne. Inda rassan suka rabu akwai ɗan gurbi mai kusurwa uku. Likita zai ɗora yatsa ya ji bugun jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ya soka allura a gefenta ta waje, ya nufi wajen nonon wannan ɓangaren, yana ja da sirinji har baƙin jini ya shigo. Ga ƙwararre a kan siririn mutum mai dogon wuya, abin yakan tafi daidai. Amma lalube ne cikin duhu, kuma maƙwabtan jijiyar ba na wasa ba ne. Jijiya mai bugawa tana manne da ita. Idan aka huda ta jini na iya taruwa ya danne maƙogwaro, idan kuma aka yi rashin sa'a aka zura bututun gaba ɗaya a cikinta, ana iya samun shanyewar ɓarin jiki. Ƙasa kaɗan kuma ga ƙololuwar huhu. Allura ta taɓa shi, iska ta shiga ƙirji, huhun ya lafe.

Wani abin kuma, Allah bai yi wuyan mutane iri ɗaya ba. Littafi ya ce jijiyar tana gaba da kuma gefen mai bugawa. Da aka fara duba wuyan mutane da na'ura, sai aka ga a wasu tana kwance ne a kan mai bugawar, ta yadda allurar da ta zarce kaɗan za ta faɗa inda ba a so. A wasu ƙarama ce ƙwarai a ɓangare ɗaya. A wasu, musamman waɗanda aka taɓa sa musu roba, gudan jini ya toshe ta gaba ɗaya, komai ƙwarewar likita ba zai sami komai a wurin ba. Wata fitacciyar maƙala da ta fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2003 ta ce a Amurka ana sa irin wannan bututu fiye da miliyan 5 a shekara, kuma sama da kashi 15 cikin 100 na marasa lafiyar suna gamuwa da wata matsala. Ta kuma kawo wani adadi da ya kamata a rubuta a bangon kowane ɗakin kulawa ta musamman: bayan an gwada sau uku ko fiye, haɗarin yin ɓarna ya ninka na gwajin farko har sau shida. Wato nacin da muke yaba wa ma'aikaci a kai, "bari in sake gwadawa sau ɗaya," shi kansa haɗari ne.

A nan na'urar sikanin ta shigo. Ita ce dai wadda mata masu ciki suka sani a wajen awo, wadda Ian Donald na Glasgow ya fara yaɗa amfaninta a 1958. Kanta yana aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji. Kunnen mutum yakan tsaya a wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa wadda ake duba jijiya da ita tana aiki da miliyan 5 zuwa 15. Sautin yana ratsa nama da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya daki abin da ya tarar ya dawo, na'ura ta lissafa lokacin da ya ɗauka ta zana hoto. Ruwa ba ya mayar da sauti sosai, shi ya sa jijiya mai jini ke fitowa baƙa wuluk a tsakiyar nama mai ruwan toka. Sauti mai kaifi ba ya nisa amma hotonsa ya fi fitowa tas, don haka kan na'urar da ake duba jijiya da shi daban yake da na duba ciki: na jijiya shimfiɗaɗɗe ne, na ciki mai lanƙwasa. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Idan aka ɗora kan na'urar a wuya, da'ira biyu baƙaƙe ne ke bayyana. Rarrabe su ba wuya. A danna kaɗan: jijiyar da ake nema za ta lafe kamar tiyon da aka kashe famfonsa, mai bugawa kuwa za ta tsaya a zagaye tana harbawa. Idan wadda ya kamata ta lafe ta ƙi lafewa, to akwai gudan jini a ciki, sai a bar ta a koma ɗaya ɓangaren tun ba a huda mutum ba. Ni a ganina wannan ne babban alherin na'urar, kuma ba a cika faɗarsa ba: tana gaya wa likita inda bai kamata ya soka ba.

Daga nan sai aikin kansa. A kwantar da mara lafiya kansa ya ɗan yi ƙasa da ƙafafunsa, don jijiyar wuya ta cika ta kumbura, kuma don kada iska ta zuƙu ta shiga jini. A wanke fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe jiki da tsaftataccen ƙyalle, likita ya sa hula da takunkumi da riga da safar hannu, kan na'urar ma a sa masa tasa rigar leda mai tsafta. A yi allurar kashe zafi. Hannu ɗaya yana riƙe da kan na'ura, ɗayan yana tura allura, ido kuma yana kan allon na'ura yana bin tsinin allurar har ya ga ta lotsa bangon jijiya ta shige. A zura waya, a sake dubawa da na'ura a tabbatar wayar tana cikin jijiyar da ake so kafin a faɗaɗa hanya. Bayan an ɗinke bututun a fata, akan ɗauki hoton ƙirji don a ga inda bakinsa ya tsaya, a kuma tabbatar huhu lafiya lau. Yanzu ma da wannan na'urar ana iya duba huhun nan take.

Likitoci sun daɗe suna gwada hanyoyin biyu gefe da gefe. Tun 1978 aka fara amfani da sautin na'ura don gano jijiyar wuya, a 1986 kuma likitocin Japan suka ba da rahoton soka allura ana kallonta kai tsaye. A 1993 Denys da abokan aikinsa a Pittsburgh suka wallafa sakamakon mutum 928 da aka yi wa da na'ura da 302 da aka yi wa da alamomin jiki. Da na'ura an sami jijiyar a duk mutanen. Da lalube, kashi 88 cikin 100. Huda jijiya mai bugawa ya sauko daga kashi 8.3 zuwa 1.7. A 2006 wani bincike a Girka ya raba marasa lafiya 900 na ɗakin kulawa ta musamman gida biyu daidai: a rukunin lalube an huda mai bugawa a kashi 10.6, huhu ya lafe a kashi 2.4; a rukunin na'ura kashi 1.1 ne, kuma ba wanda huhunsa ya lafe. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace, ta haɗa nazari 35 a 2015 ta ce a jijiyar wuya na'urar ta rage matsaloli da kusan kashi 70 cikin 100. Hukumomi ba su ma jira wannan ba. Hukumar AHRQ ta Amurka ta sa dabarar cikin manyan matakan kare marasa lafiya tun 2001, hukumar NICE ta Birtaniya kuma ta ba da shawarar a riƙa amfani da ita a 2002. Gani ya kori ji.

Duk da haka tsofaffin hannu sun yi ta ja. Hujjarsu ita ce matasa za su tashi ba su iya komai ba sai da na'ura, ranar da babu ita kuma su tsaya cirko-cirko. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma ya kamata likita ya san alamomin jiki ko da na'ura a hannunsa. Amma ba dalili ba ne na a ci gaba da lalube a wuyan mutum alhali ga fitila a ajiye.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne na wanda ya riƙe na'urar bai koya ba. Hoton da take nunawa siririn yanki ne na jiki, bai fi kaurin kati ba. Sabon hannu yakan ga ɗigon haske a allo ya ɗauka tsinin allura ne, alhali tsakiyarta yake kallo, tsinin ya riga ya fasa bangon baya ya shiga abin da ke ƙasa. An sami waɗanda suka huda mai bugawa da na'urar a hannunsu saboda wannan. Maganinsa sananne ne: a riƙa matsar da kan na'ura gaba kaɗan-kaɗan tare da allura, ko a juya shi a ga allurar a tsawonta gaba ɗaya. Wannan kuwa ba a jikin mutum ya kamata a fara koyonsa ba. Ana koyo a kan gunkin roba, inda babu kuɗinsa kuma malamai kan haɗa nasu da ƙullun jelatin ko tsokar kaza da siririn balan-balan cike da ruwa.

Sannan na'ura ba ta kashe ƙwayar cuta. Bututun da ya tashi daga fata ya kai bakin zuciya buɗaɗɗiyar hanya ce ga ƙwayoyin cuta, kuma wannan ya fi kisa a kan kuskuren allura. A jihar Michigan ta Amurka, Peter Pronovost ya sa ɗakunan kulawa ta musamman 103 suka bi matakai biyar kacal: wanke hannu, cikakkiyar shigar tsafta, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kulorhekzidin, guje wa jijiyar cinya in da hali, da cire bututu da zarar an gama bukatarsa. Aka kuma ba nas ikon dakatar da likita idan ya tsallake ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cutar jini ta hanyar bututu ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, kuma ta zauna a haka har watanni 18. Babu ɗaya cikin matakan nan da ke bukatar dala. Abin da ya fi wuya, a tsarin asibitocin da ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya, shi ne ikon nan da aka ba nas.

Ko zaɓen mashiga ma ciniki ne, kowace da ribarta da hasararta. Wani babban bincike a Faransa da aka wallafa a 2015, kan bututu 3,471, ya nuna mashigar ƙarƙashin ƙashin wuya ta fi ƙarancin kamuwa da cuta da toshewar jini, amma ta fi saurin taɓa huhu. Ta cinya ba ta kusa da huhu, tana da sauƙi a lokacin gaggawa, sai dai wuri ne mai gumi da wuyar tsaftacewa.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne sikila da ƙoda. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara, kuma duk wanda ya rayu da ita zai yi ta bukatar jijiya har tsawon ransa. Ciwon ƙoda kuwa ya zama abin kuka a wurare irin su Gashuwa ta Jihar Yobe. Yawancin masu shi ba sa isa asibiti sai ƙodar ta gama gazawa, lokacin da babu sauran damar yin tiyatar nan ta haɗa jijiya biyu a hannu, wadda Brescia da Cimino suka ƙirƙiro a New York a 1966, domin tana bukatar makonni kafin ta nuna. Sai a fara wankin da bututun wucin gadi, sau da yawa a cinya, a cire a sake sawa. Ga irin wannan mutum kowace jijiya dukiya ce da ba ta dawowa. Shi ya sa likitocin ƙoda suke hana a bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya, don takan ƙuntace ta lalata hannun da za a yi wa tiyatar nan gaba, suke kuma roƙon a daina huda jijiyoyin hannun da aka tanada. Mai ciwon ƙoda yana da haƙƙin ya ce wa mai ɗibar jini, "Don Allah a bar wannan hannun, a ɗiba a bayan ɗayan."

Abin takaici shi ne na'urar ba baƙuwa ba ce a asibitocinmu. Kusan kowane babban asibiti yana da ita, amma tana ɗakin hoto ko ɗakin awon ciki, a kulle bayan an tashi aiki, kuma sau da yawa kan da ke jikinta mai lanƙwasar nan ne na duba ciki. Bukatar bututun wuya kuwa ba ta san ƙarfe biyun dare ba. Abin da ake bukata shi ne shimfiɗaɗɗen kai, na'urar da za a iya turawa ko ɗauka zuwa bakin gado, rigar leda mai tsafta, da ma'aikacin da ya yi atisaye. Farashi ma ya sauko: tun wajen 2018 ake sayar da ƙananan na'urori irin su Butterfly iQ, waɗanda ake jonawa da wayar hannu, a kan kusan dala 2,000 lokacin fitowarsu. Idan aka kwatanta da kuɗin jinyar huhu ɗaya da ya lafe, ko kwanakin da mutum zai ƙara a ɗakin kulawa ta musamman, lissafin bai da wuya.

Akwai kuma wata riba da ke ɓoye. Da wannan na'urar, nas da ta samu horo za ta iya gano jijiya mai zurfi a damtse wadda ido da yatsa ba sa kaiwa gare ta, ta sa doguwar kanula a ciki. Mutane da yawa da a da za a kai su ga robar wuya don kawai jijiyarsu ta ɓuya, yanzu a damtse ake gamawa da su. A tsananin gaggawa kuma, musamman ga yara, akwai allurar da ake kafawa a ƙashin ƙauri a ɗura ruwa ta cikin ɓargo har jijiyoyi su dawo.

Idan likita ya ce sai an sa wa naka robar wuya, ba rashin kunya ba ne ka tambaya ko za a yi da na'ura, da kuma kwana nawa ake sa ran za ta yi. Bayan an sa, kada mai jinya ya taɓa bakinta ko ya bari bandejin ya jiƙe, kada kuma a bar murfinta a buɗe. Zazzaɓi ko rawar sanyi bayan an ɗura magani, ja ko ruwa a wurin da ta shiga, kumburin hannu ko wuya ko fuska, da numfashi sama-sama, duk abubuwa ne da za a sanar da nas nan take, ba sai an jira zagayen safe ba. Idan kuma mara lafiya ya fara ci da sha, magungunansa sun koma na haɗiya, a tuna wa likita cewa robar tana nan.